Hutun Hunturu A Gindin Dutse: Magidanci Ya Koma Madugu

Da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, makarantu suka sallami yara, hazo kuma ya sauko ya lulluɓe garin Keffi, sai a ji waɗansu magidanta sun fara shawarar inda za su kai iyalinsu su sha iska na 'yan kwanaki. Galibinsu ma'aikata ne, na jami'a da na asibiti da masu sammakon zuwa aiki Abuja kullum, waɗanda 'ya'yansu ba su ganinsu sosai sai ran Lahadi. A da can Bahaushe bai san wata tafiya mai suna hutu ba. In ya ɗaura sirdi, to fatauci ne, ko neman ilmi, ko zumunci, ko kuwa aikin Haji. Wanda ya ce zai kwashi mata da yara domin kawai su je su kalli dutse, sai dattawa su tambaye shi ko lafiya. Yanzu zamani ya juya, yara suna ganin hotunan tsaunuka a wayar iyayensu, suna kuwa damun uba da tambayar yaushe za a kai su.

Abin ba laifi ba ne, tafiya ai mabuɗin ilmi ce. Inda gizo ke saƙar shi ne, mutane da yawa sun aro sha'awar hawan dutse daga Turawa, amma ba su tsaya sun tambayi abin da ya kai Turawan can ba. Zafi ne ya kore su. A ƙasar Indiya tun 1864 suka mai da garin Simla, wanda ke can ƙwanƙolin tsauni, hedkwatar mulkinsu ta lokacin zafi. A nan Nijeriya ma dalilin ke nan da ya sa ma'aikatansu ke zuwa hutu masaukin Hill Station a Jos, 'yan mishan na S.I.M. kuma suka gina nasu gidan hutun a Miyango. Watau su da bazara suke gudu can, lokacin da kwari ya zama tanda. Shi kuwa magidancin Keffi sai ya tashi hawa a tsakiyar hunturu, domin lokacin ne yara ke gida. Ya baro sanyi, ya tafi neman babbansa.

Lissafin ba shi da wuya. Masana yanayi sun ce duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Keffi ba ta wuce mita 300 da ɗoriya bisa teku ba, Jos kuwa ta kai 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da ita ma sun haura 1,800. Saboda haka daren da mutumin Keffi ya ja bargo ɗaya, na Jos biyu yake ja, kuma a watan Disamba da Janairu ma'aunin yakan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka kafin asuba. Bature da ke zuwa wasan ƙanƙara a ƙasarsu yana komawa ɗaki mai murhun ɗumama gida. Masaukin ƙananan garuruwan ƙasar nan kuwa rufin kwano ne da daɓen siminti da tagar da iska ke shigowa ta gefenta.

To, ina za a dosa? Duk wanda ya tashi daga Keffi ya yi gabas, shawararsa tana yankewa ne a mararrabar Akwanga, tafiyar kilomita 60 da wani abu. Hanya ɗaya ta yi arewa, ta bi Hawan Kibo ta hau tsaunin Jos, daga can a zarce ƙananan garuruwa irin su Vom da Pankshin. Wata ta yi kudu, ta ratsa gindin duwatsun Eggon ta nufi Lafiya da Makurɗi. Ta uku, wadda ba a cika kula da ita ba, ita ce ta Wamba.

Masu dogon buri ba su da zance sai na Gembu, a kan tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba, kuma ba su yi ƙarya ba. Tudu ne mai kimanin mita 1,600, ga gonakin shayi na Kakara, ga garken shanu a fili ba iyaka, ga tarihi, domin yankin bai shigo Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai ɗauke da goyo da tsohuwa, kwana biyu zai yi a hanya kafin ya ga hawan Mayo Selbe, kwana biyu kuma komowa. Wanda aka ba hutun mako guda ya bar Gembu sai yara sun tasa.

Wamba ce daidai ruwa daidai tsaki. Ƙaramin gari ne, hedkwatar ƙaramar hukuma, mazaunin Oriye Rindre, sarkin ƙabilar Rindre, tafiyar kamar kilomita 30 daga Akwanga. Tana zaune a gindin tsaunin Jos ta fuskar kudu maso yamma, don haka mutum yana samun duwatsu da iskarsu ba tare da ya kai jariri cikin jaura irin ta can sama ba. Abin da ke jan baƙi kuwa shi ne magangarar Farin Ruwa, wajen kilomita 30 gaba da garin, inda ruwa ke sulalowa daga bakin tsaunin ya faɗo ƙasa tsawon kimanin mita 150. Shahararriyar magangarar Biktoriya ta kogin Zambezi, wadda duniya ke tururuwa zuwa gani, tsayinta mita 108 ne, ko da yake ta fi wannan faɗi da yawan ruwa nesa ba kusa ba. Sunan ma Hausa ce tsantsa, daga nesa sai a ce farin alawayyo aka shanya a jikin dutsen.

Sai dai ya kamata a gaya wa yara gaskiya tun a gida. Hoton da suka gani a waya, mai rugugi da feshi, na damina ne. Daga Disamba zuwa Maris ruwan yana ja baya ƙwarai, wani lokaci kuma hazo ya tare nesa har ba a ganin kan dutsen sosai. Amma abin da rani ya rage wa ido ya mayar wa ƙafa. Rafukan hanya sun janye, taɓo ya bushe, santsin duwatsu ya ragu, yaro ɗan shekara 8 yana iya isa gindin ruwan da ƙafarsa. Ga mai iyali wannan cinikin riba ne.

Babbar maganar ita ce, Wamba ba a gina ta domin masu yawon buɗe ido ba. Gwamnatin Abdullahi Adamu, wanda shi ma ɗan Keffi ne, ya kuwa mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ta ɗauko aikin madatsar ruwa da samar da lantarki a Farin Ruwa, aka yi ta murna za a raya wurin. Aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, kukan da masu ziyara suka daɗe suna yi kuwa shi ne na hanyar da ta tashi daga Wamba zuwa bakin ruwan. Babu wani ofis da magidanci zai buga wa waya ya biya kuɗi, ya iske ɗaki da mota da ɗan jagora suna jiransa. Wanda ya tafi da wannan zato zai kwana a mota.

Abin da ya rage masa shi ne dabarar kakanninsa, kuma mutumin Keffi bai kamata a koya masa ita ba. Garin da Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19 zango ne babba na fatake masu tasowa daga Kano da Zariya zuwa Loko a bakin Binuwai. Ayarin wancan zamani ba ya motsawa sai madugu ya san abu uku: wa zai sauke su, wa zai nuna hanya, kuma a ina rana za ta faɗi musu. Mai masauki, jagaba, da zango. Mota ta maye gurbin jaki, amma tambayoyin suna nan yadda suke, kuma duk uban da ya cika mota da 'ya'yansa ya zama madugu, ko ya sani ko bai sani ba.

Mai masauki shi ne kan gaba, tun kafin a yi zancen kuɗi. Ba lalle ne ya zama wanda za a kwana gidansa ba. Mutum ne ɗan gari, ko wanda ya daɗe a can, wanda zai ji kunyar a ce baƙonsa ya wulaƙanta. Samunsa a Keffi ba wuya, domin babu ma'aikatar da ba ta da ɗan Akwanga ko ɗan Wamba, ga ɗalibai, ga direbobin tasha, ga 'yan kasuwa masu zuwa saron doya. Shi ne zai taka da ƙafarsa ya duba ɗakin, ya ga ko akwai ruwa, ko ƙofa tana kulluwa, ko wurin ya dace da matan aure, domin waɗansu masaukai da rana otal ne, da dare kuwa mashaya. In Wamba ba ta samu ba, sai a yi zango a Akwanga, inda masaukai suka fi yawa, a riƙa kai ziyara ana komowa. Shi ne kuma zai faɗi halin da hanya take ciki a makon nan, ba na bara ba.

Maganar hanya ta jawo wadda ba a so a yi a gaban yara, amma tilas a yi ta. Farin Ruwa yana kan iyakar Wamba da ƙaramar hukumar Bokkos ta Jihar Filato, kuma a jajibirin Kirsimeti na 2023 an kai hare-hare ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe mutum fiye da 100. Satar mutane domin kuɗin fansa kuwa ta taɓa hanyoyi da yawa na tsakiyar ƙasar nan. Wannan bai ce kowa ya kulle kansa a ɗaki ba, mutanen wurin suna nan suna nomansu suna cin kasuwarsu. Abin da ya ce shi ne, labarin da za a yi aiki da shi na bakin ɗan gari ne, a daren da za a tashi. In mai masauki ya ce, "Alhaji, a dakata tukuna," to an dakata ke nan, ko da an riga an soya kaji. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. In kuwa an isa, kada a zarce daji kai tsaye kamar mafarauta. A biya wajen mai garin ƙauyen da ke kusa da ruwan a yi gaisuwa, a nemi ya haɗa baƙi da saurayi ɗan wurin, a kuma sallami yaron da abin kirki. Baƙo ko da ido makaho ne. Ban da haka, kada a yi ta shelar tafiyar a dandalin sada zumunta tun ba a tashi ba, hotuna ba su lalacewa in sun jira an komo gida.

Zaɓen rana ma aiki ne. Yawancin mutanen wannan yanki Kirista ne, daga wajen 22 ga Disamba har zuwa sabuwar shekara 'ya'yansu na Abuja da Legas da Kaduna duk suna gida. Masaukai sun cika, kuɗin ɗaki ya tashi, hanya ta cushe da direbobi masu neman sawu uku a yini. Ba banza ba Hukumar Kiyaye Haɗurra, tun kafa ta a 1988, take tsananta sintiri a ƙarshen kowace shekara. Wanda abokin aikinsa ya gayyata bikin Kirsimeti, wannan zumunci ne, ya je, zai kuwa ga karamci. Mai neman hutu zalla, ko ya tafi a makon da aka rufe makaranta, ko ya bari sai 2 ko 3 ga Janairu, lokacin da gari ya sake.

Ranar tafiya a yi sammako, amma ba na bubukuwa ba, kuma ba na cikin duhu ba. Hazon asuba yana ɓoye babbar motar da ta lalace a tsakiyar titi. A bari gari ya waye sosai, a tashi da hantsi, a isa kafin azahar. Hanyar Keffi zuwa Akwanga yanzu tagwaye ce, kuma tun watan Fabrairu na 2025 aka fara karɓar kuɗin hanya a kanta, ƙaramar mota Naira 500 a kowane shinge lokacin da aka soma, watau kuɗin fito ya dawo da sabuwar riga. Kyawun titin shi ne haɗarinsa, domin yana ruɗin direba ya taka. A kai mota wajen makaniki kwana biyu kafin tafiya, a duba birki da tayoyi da ta ajiya, a cika tanki a Akwanga. Ƙaramar mota mai jan ciki a ƙasa kada a tilasta mata hanyar bakin ruwa, gara a bar ta a gari a ɗauki shatar wadda ta saba.

Haɗarin da ya fi kowanne kusa da yara kuwa ba a hanya yake ba, yana cikin ɗakin kwana. Dare ya raba, sanyi ya sauko daga dutse, yaro ya fara tari, sai uwa ta roƙi masu masauki ɗan garwashi a kasko, a shigo da shi, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta farkar da mutum. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, alamarta ciwon kai da jiri da kasala da tashin zuciya, mai barci kuwa sai dai ya zarce. Hayaƙin janareta da aka tayar a baranda ko bakin taga shi ma gubar ke nan, kuma ya sha hallaka gida guda a dare ɗaya a ƙasar nan. A ji ɗumin wuta a tsakar gida, a kashe ta a can. In wani ya tashi da ciwon kai, na kusa da shi ma haka, a buɗe ƙofa a fita da kowa waje nan take, a nemi asibiti. Maganin sanyin ɗaki bargo ne, kowa da nasa daga gida, da safa da hular sanyi, da tabarma ko darduma a ƙarƙashin katifar da aka shimfiɗa a siminti.

Gidan da ke da mai ciwon sikila sai an ƙara lura, domin sanyi da ƙishirwa da gajiya duk suna tayar da ciwon, ga shi kuwa tafiyar ta haɗa ukun. Irin wannan yaro a ga likitansa kafin a tashi, a riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba, kada kuma a bar shi ya shiga ruwan gindin dutse, wanda sanyinsa ke ratsa ƙashi ko da tsakar rana. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a ƙasan akwati ba. Man kaɗe domin leɓe da faso, wannan uwargida ba ta bukatar tuni.

Ita uwargidan ma, sau da yawa ita ce ta ƙarshe da ake gaya wa, alhali kuwa ita ce ubandawakin ayarin. Maigida ya shigo da daddare ya ce, "Ku shirya, jibi za mu Wamba," ya ɗauka ya yi abin a yaba. In ta ce, "Malam, a ina za mu dafa, kuma wa zai riƙe mini auta in za a hau dutsen?" sai ya ga kamar tana kashe masa hanzari. Tambayar tata ita ce shirin gaba ɗaya. Matar da aka ɗauko daga murhun gidanta aka kai ta murhun wani gari ba ta yi hutu ba, an dai sauya mata hayaƙi. A zauna da ita tun da mako biyu, a yi guzurin da ba ya lalacewa, dambun nama da soyayyar kaza da ƙuli-ƙuli da gari da kayan shayi, a tambayi mai masauki inda ake sayar da abincin da hankali zai kwanta da shi, da mahaucin da aka yarda da yankansa. Doya da lemo a bar su sai a can, sun fi araha a bakin hanya.

Salla ba ta zama matsala ba, sauƙi ma aka samu. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, ana yin ƙasaru a cikinta, kuma Keffi zuwa Wamba ta haura haka. Wanda bai yi niyyar zaman kwana 4 ba zai ci gaba da mai da azahar da la'asar da lisha raka'a biyu-biyu har ya komo. Dama ce ta koya wa yara a aikace babin da suka haddace a Islamiyya. Fulas ɗin ruwan zafi domin alwalar asuba kuwa, tsohuwa za ta sa wa wanda ya tuna da shi albarka.

Saura kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, mai ya zama shi ne babban kaso na kowace tafiya, wannan ma wani dalili ne na zaɓen kusa. Amma abin da ya fi kama magidanta shi ne mantawa da cewa Janairu tana bakin ƙofa, da kuɗin makaranta na zango na biyu, albashin Disamba kuwa in an biya shi da wuri sai ya yi mako shida yana jan mutum. A fara ware kuɗin makaranta a ba uwargida ajiya, abin da ya saura shi zai faɗi ko kwana uku za a yi ko yini ɗaya. A kuma riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin a ƙauye sabis ɗin waya yana ɗaukewa, mai POS ya ce babu, ɗan jagora da mai babur kuwa ba su san wani abu wai shi taransifa ta maƙale ba.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A cikin Keffi ga dutsen da ake kira da sunan Kyaftin Maloni, Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a 1902 kafin ya yi hijira zuwa Kano. Ranar wata Asabar da safe uba ya kwashi ayarinsa su taka zuwa can, kowa da takalmin da zai yi tafiyar da shi. Nan za a gane wanda takalminsa ke cizo, da wanda zai ce a goya shi, da wadda gwiwarta ba za ta yarda ba. Ƙarshen hanyar Farin Ruwa da ƙafa ake yinsa, saboda haka duk wanda dutsen gida ya gagara, masaukinsa Wamba, a bar masa fulas da rediyo da jika ɗaya mai hankali. Sauran su tashi da ƙarfe 8, su ci abincin rana a bakin ruwa, su kwashe ledojinsu, ƙarfe 2 kuma su juyo, ko da yara suna kuka a ƙara musu minti goma.